Yukka Ta Jira Baban Tabitha

Palladan, 3 ga Yuni

Baban Tabitha, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya jiki, ya idon? Tabitha, karanta masa a hankali, kar ki tsallake komai.

Na yi laifi. Yukkar nan, shukarka mai ganye kamar takobi, wadda ka ɗauko daga gidan farfesan da ka yi wa aikin lambu a Samaru, na kira maƙwabcinmu Japheth ya tumɓuke ta in shuka kuɓewa. Shekara tara ba miya, ba inuwa, sai yage mini zane. Ya ɗaga gatari ke nan sai ga toho a tsakiyarta kamar kan gero. Kullum kana cewa za ta yi fure, ina maka dariya. Ka yafe mini.

Matarka, Maman Tabitha

Palladan, 19 ga Yuni

Baban Tabitha, ina gaisuwa. Na ji an yi aikin idon lafiya, yabo ga Ubangiji. Ya Kaduna?

Yukkar ta buɗe! Tohon nan ya zama sanda, har ta fi ni tsawo, furanni farare sun sunkuyo kamar ƙananan ƙararrawa. Da hantsi nakan zauna gabanta, iska na kaɗa su, in ga kamar mawaƙan cocinmu ne cikin fararen kaya, ranar aurenmu. Jiya har wakena ya ƙone.

Mama Akunna ta taso tun daga Muchia wai in yanke mata ta ƙawata coci. Na ce ko Fasto ne ya zo, sai mai ita ya gani. Hoto ma ba zan turo ba.

Amma furannin da ke ƙasa sun fara zuba. Ka roƙi likita ya sallame ka.

Taka, Maman Tabitha

Palladan, 2 ga Yuli

Tabitha 'yata, ya gajiya, ya mijinki?

Babanki ya iso lafiya. Ruwan shekaranjiya ya kakkaɓe furannin, saura uku can sama, tun safe nake ƙirga su ina ƙwalla. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce wajen yukkar. Na riƙe hannunsa in ja shi yadda na saba, ya zare hannun. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce huɗu ne. Muka yi ta gardama, har na hau turmi na leƙa.

Tabitha, huɗu ne. Ɗaya ya ɓuya bayan sandar.

Ki gode wa likitan nan. Ki tambaye shi kuma yaushe zai duba nawa idon.

Mamanki