Naƙudar da Aka Auna da Kunne

Zuwa ga Alhaji Likita, mai asibitin kuɗin da aka sa mini ruwan naƙuda a Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da sabon fentin da aka yi wa ƙofar asibiti. Na hango shi daga cikin mota, ya yi kyau ƙwarai. Ban ambaci sunanka ba, ka san kanka. Maigidana ya yi ta sintiri wurinka har takalminsa ya suɗe, kullum sai a ce ka yi tafiya, shi ya sa na zo maka ta inda kowa zai ji.

Ni 'yar Barkiya ce, ina aure a Kurfi, ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. 'Ya'yana uku duk a ɗakina na haife su. Da daminar bara cikina ya gota lokacinsa, ka duba ni da kanka, ka ce jira na da haɗari, gara a tayar da naƙuda da magani. Har gobe ban ga laifin wannan shawara ba. Ga inda laifin yake.

Na ɗaya. Ka miƙa ni ga malamar ɗakin haihuwa, ka shiga motarka. Ta rataya ledar ruwa, ta zuba maganin, ta koma benci a bakin ƙofa ta kama latsa waya. Likitan da ya ceci raina daga baya ya bayyana mini cewa ruwan nan da kaɗan-kaɗan ake ƙara shi, hannu na kan ciki, ana sauraren bugun zuciyar ɗa. Malamarka ba ta taɓa cikina ba. Ko mai dafa wake takan buɗe tukunya ta latsa ta ji.

Na biyu. A garinmu mace ba ta ihun naƙuda. Wadda ta yi, sai an goranta mata har ta yi jika. Balle ga surukata zaune a kan tabarma dab da gadon, matar da ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. Na cije bakin zanena, na juya fuska bango. Malamarka kuwa da kunne take aiki. In ta leƙo ta ji shiru, sai ta ce wa surukata magani bai kama ni ba, ta ƙara sakin ruwan. Kada ka ce baƙuwa ce. Hausarta irin tamu ce, uwarta ma da baki a rufe ta haife ta. Ta san al'adar sarai, tasowa daga bencin ne ya yi mata nauyi.

Ciwon ya daina zuwa yana lafawa, ya zama guda, babu numfashi a tsakani. Na ajiye kunya na gaya wa malamar cikina kamar ana keta shi. Ta yi dariya, wai mai naƙudar gaske ba ta iya jera magana haka. Jim kaɗan na ji abu ya yage a cikina, ciwon ya tsaya cak, motsin yaron ma ya tsaya. Jinin da ya sauko ƙasa ne ya tashe ta daga bencin.

Na uku. A babban asibitin da aka garzaya da ni aka cire mini mahaifa, don ta fashe yadda ba ta ɗinkuwa. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba. An binne shi kafin in farfaɗo, ban ga fuskarsa ba. Nono ya kawo ruwa, na zauna ina matse shi a kwano ina zubarwa a makwarara. Na san rai na Allah ne, kada ka karanta mini wannan, ni nake koya wa yara shi. Amma ƙaddara ba ta hana a tambayi wanda ya yi sakaci.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Da yayyen mijina suka zo maka, ka zaunar da su a ofis, ka ce tabbas na sha wani jiƙo a gida don in gaggauta haihuwa, shi ya fasa mahaifar. Wallahi ƙarya kake yi, Alhaji, da girmanka da tabon sallarka. Ko rubutu ban sha ba a ranar. Amma maganar likita a wurin mutanenmu yankan wuƙa ce. Surukata da ta ga komai da idonta ta fi yarda da kai. Yanzu in na durƙusa gaishe ta, da ka take amsawa. In na shiga gidan suna hira ta mutu. Babbar 'yata ta dawo daga ɗiban ruwa ta tambaye ni ko da gaske ni na kashe ƙaninta. Ka raba ni da ɗa, ka raba ni da haihuwa, sannan ka ɗora mini gawar a ka don kada fentinka ya ɓaci.

Abin da nake nema bai da yawa. Kada ka aiko da komai a leda, ba za a karɓa ba. Ka zo Kurfi da ƙafarka, ka tsaya a zauren gidanmu gaban surukata da 'ya'yanta da liman, ka faɗi abin da ya fasa mahaifata. Sannan ka fitar da matar nan daga ɗakin haihuwa, ka ba ta gadin ƙofa, tunda zama a wurin ta iya. Kafin ka yi wannan, ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba ko a gaban Ubangiji.

Allah ya ja kwananka, ya bar ka da hankalinka garau, kada tsufa ya mantar da kai komai. Na ji labari 'yarka na da tsohon ciki, har ka kai ta Katsina ta jira haihuwa a hannun wasu. Allah ya sauke ta lafiya, ba ta yi mini komai ba. Amma in har jiƙo ne ya kashe ɗana, me kake tsoro? Maido ta gida, ka kwantar da ita a asibitinka.

Wassalam.

Malama Rukayya, Kurfi.