Tulip Ɗin Aukje Na Jiran Shuka

Malam Wouter,

Ka taimake ni, ko da yake ni kaina ban san me nake nema ba. Manomin furen tulip ne ni a Breezand ta ƙasar Holan, kamar ubana. Ka san aikinmu: ba furen muke sayarwa ba, albasar da ke ƙarƙashin ƙasa ce. Da zarar gona ta yi ja sai mu bi ta da inji mu sare kawunan, don albasa ta yi ƙiba. A haka na tsufa, ban taɓa tsayawa kallo ba.

Matata Aukje ta rasu a Janairu. Ban yi kuka ba. Na karɓi gaisuwa, na raba kofi da kek, na wanke kofuna. Tun daga nan abinci ba daɗi ba ɗaci, a yi mini magana in amsa, shi ke nan. 'Yata Lieke ta gaji da kallona, ta yanko mini tikitin Afirka ta Kudu, ta rataya mini kyamarar uwarta, ta ce, "Baba, je ka ga furen da ba naka ba, ko hannunka ya huta da sara."

Na sauka Namaqualand ƙarshen Agusta, lokacin bazararsu. Washegari na yi sammako yadda na saba, na hau wani tudu neman furanni, ban tarar da komai ba sai duwatsu da ciyawa toka-toka. Na dawo na ce wa mai masaukina, wata dattijuwa Sarie, an yaudare ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai mutumin Holan, furenmu ba ɗan ƙwadago ba ne! Sai rana ta yi zafi yake buɗe ido. Zauna ka ci burodi." Da hantsi na koma. Tudun nan kaf ya rufe da fure ruwan lemo, babu layi, babu kunya, babu wanda ya shuka. Na kwanta rub da ciki ina ɗauka. Can na ga hoton ya yi dishi-dishi, na goge gilashi, na sake gogewa. Ashe idona ne.

Da na dawo gida abin ya tafi. Hotunan na nan, ina kallonsu kamar na wani.

Ga damuwar. Aukje ta yi shekaru tana haɗa irin tulip nata, daga ƙwaya ta raine su, kowace shekara ta tone ta mayar. Baɗi za su fara fure, ita ma ba ta san launinsu ba. Suna cikin akwati a sito. Nuwamba ta shigo, in ƙasa ta daskare ba a shuka su ba, aikin Aukje ya tafi a banza. Lieke ta ɗauko shebur, na hana ta, yanzu da ƙyar muke gaisawa. Tsoro nake su buɗe in tsaya a kansu ban ji komai ba. Zuciyata na cewa in bar wa Lieke gonar in koma Namaqualand. Hauka ce?

Mai Sare Furanni, Breezand

*

Mai Sare Furanni,

Ba hauka ba ce, rashin duba kalanda ne. Furen Sarie ya bushe tuni. Ka sauka can yanzu, awaki da zafin rana za ka ɗauka a hoto. Na sha karanta littattafan masu ƙetare teku neman kansu, kuma yawancinsu a babin ƙarshe suna tsaye a ƙofar gida suna lalube aljihu, neman makulli.

Amma ban raina tafiyarka ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fille wa furanni kai ya je ya kwanta a gaban guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tabbatar wa kanka zuciyarka ba ta mutu ba, sanyi ne ya kama ta. In Agusta ta zagayo ka koma, ba mai hana ka.

Akwatin nan kuwa ba naka ba ne kai kaɗai. Kai ka rasa mata, Lieke ta rasa uwa, kuma abin da ya rage na hannun uwar kana zaune a kansa saboda tsoron abin da zai faru a Afrilu in sun buɗe. Wa ya ce maka jarrabawa ce? Ba wanda zai tsaya bayanka yana auna hawaye. Shuka ba ta bukatar ka ji komai, gwiwa take bukata da shebur, kuma duka kana da su.

Ranar Asabar ka kira Lieke. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, na san mutanen yankinku, ka ce kawai ta zo da takalmin roba. Ku zaɓi gefen da ruwa ba ya kwanciya, ku kafa sanda, ku gaya wa mai inji wannan layin ba a taɓa shi. Wannan shirun na zuciya kuma, in ya ƙi ɗagawa, ka faɗa wa likitanku yadda ka faɗa mini.

In sun buɗe ka ji wani abu, madalla. In ba ka ji ba, ka tsaya dai kusa da 'yarka, ita za ta ji, kuma bai kamata ta ji shi ita kaɗai ba.

Allah ya sassauta muku, ya jinkirta ƙanƙara har ku gama.

Wouter