Iskar Da Na Ƙara Wa Keken Likita

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Kawu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma bayan nan naka? Auta ta gaya mini a waya cewa yanzu in ka sauko daga keke sai ka dafa bango kafin ka miƙe, wai kuma ka hana a faɗa mini. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke. Yaya Babba da mijinta suna riƙe da ni kamar ɗan cikinsu. Jaririyarsu ta fara haƙori, duk abin da hannunta ya kai sai baki, har hular aikina ba ta tsira ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya. Na zaɓi takarda ne don in na kira ka ba ka bari mutum ya kai aya, sai ka ce to madalla, ka kashe.

Kawu, wata goma sha ɗaya ke nan ina shagon kekunan nan, kuma benci ɗaya na sani, na bakin ƙofa, inda ake faci da wankin sarƙa da canza robar birki. Can ciki akwai wani bencin mai fitila a kansa, sifanoni jere a jikin allo, kowanne da zanen wurinsa. Nan ake haɗa manyan kekuna na hawan duwatsu. Dogo ne a wurin, babban makanikenmu, mutum mai hannu, sai dai bakinsa ba birki. Kullum in na je wanke hannu sai na rage tafiya in leƙa abin da yake yi. Mako uku da suka wuce Maigida ya kira ni, ya nuna mini kwalaye bakwai, ya ce aiki ya yi wa Dogo yawa, ni zan haɗa keken da ke cikinsu daga farko har ƙarshe. Ya ce in mai shi ya gamsu, bencin ciki ya zama namu mu biyu. In bai gamsu ba in koma bakin ƙofa, babu fushi, amma ba zai sake gwada ni nan kusa ba.

Da ka ga firam ɗin da ka ce wasa ake yi. Ba ƙarfe ba ne, wani baƙin abu ne da za ka ɗaga da yatsa biyu. Birkinsa da mai yake aiki kamar na mota, giya goma sha biyu duk a baya, sirdin kuma yana sauka yana hawa in ka danna wani ɗan abu a hannu. Shokozoba biyu gare shi, ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarƙashin sirdi, kuma ba sifirin ne a cikinsu ba, iska ake ɗura musu da wani ɗan famfo mai agogo. Noti ma ba a ɗaure shi har ya yi kuka kamar yadda muka saba. Akwai wani sifana da ke cewa ƙas in ɗauri ya isa, daga nan sai ka cire hannu, in ba haka ba firam ya tsage. Duk wannan na bi shi daki-daki. Kwana uku ina kai. Na fitar da iskar da ke cikin man birki har hannun ya yi tauri, na daidaita giya har tana shiga ba ƙara, sifok kuwa, wato wayoyin ƙafa, da kunne na gyara su, ina ɗan bugunsu ina saurare kamar yadda ka koya mini. Dogo ya juya ƙafar ya duba, ya duba, ya rasa abin kushewa, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Mai keken likitan haƙori ne, ɗan gajere mai tabarau, mai yawan barkwanci. Likita muke ce masa. Ya faɗi nauyinsa a waya, akwai kuma takarda da ta zo a kwalin mai nuna iskar da za a sa wa kowane nauyi. Na sa daidai yadda ta ce. Sai na dafa sirdin na danna, na ga keken ya nutse a ƙarƙashin hannuna. Kawu, zuciyata ta ƙi. Na tuno ka tsugune a bakin rumfarka kana ɗalla wa taya yatsa, in ba ta yi ƙara kamar ganga ba ka ce a ci gaba da famfo. Na tuno masu jarka huɗu da masu buhu da suke zuwa wurinmu, da yadda kake cewa keken da ya lotsa a hannu abin kunyar mai gyara ne. Na ce bari in ƙara kaɗan. Na danna, na sake ƙara kaɗan. Ban tsaya ba sai da gaba da baya suka tsaya ƙyam, tayoyin ma na mayar da su dutse. A raina har ina cewa na yi wa Likita alheri.

Likita ya zo ya karɓi kekensa, washegari da la'asar ya dawo da ƙasa a riga, gwiwar hannu a goge, tabarau a karkace. Ya ce shi keke ya saya ba jakin da aka ɓata wa rai ba. Ya ce tun daga sama har ƙasa haƙoransa ke haɗuwa, in kuma suka zube wa zai gyara wa mai gyara. Yana dariya yake faɗa, amma na ga yadda yake riƙe da hannun. Dogo ya sa famfon ya duba agogon, ya yi fito, ya tambaye ni buhun siminti nawa aka ce Likita zai ɗauko daga kan dutsen. Tun daga ranar sunana ya koma Mai Siminti. Ban ɓoye ba, na gaya wa Maigida takarda ta faɗi nata, ni na ƙara nawa, na kuma ba Likita haƙuri. Maigida ya ce ya ba ni zuwa ranar Asabar in gyara shi.

Na sauke iskar, na mayar da komai yadda takarda ta ce, ko ɗigo ban ƙara ba. Likita ya gwada ranar Laraba, ya bugo waya ya ce yanzu kuma keken ya zama katifa, feda tana dukan duwatsu, bayan keken yana harbinsa sama in ya faɗa rami. Nawa bai yi ba, na takarda bai yi ba. Na zauna a bencin bakin ƙofa da tif a hannu ina kallon masu wucewa a titi, sai wani dattijo ya gifta a kan tsohon keke, na kama kaina ina duban yadda ƙugunsa ke karkata hagu, ina cewa a raina sirdin nan ya yi masa tsawo. A nan na tuna. Kai ba ka taɓa ɗaukar sifana ba sai mai keke ya hau ya je ƙarshen layi ya dawo, kana tsugune, ido ɗaya a rufe. Mutane suna ƙorafin kana ɓata musu lokaci, kai kuma ko a jikinka. Ashe ni ƙarfin hannunka na ɗauko na baro idonka a gida. Keken nan na haɗa shi, na kwance, na mayar, amma ban taɓa ganin mai shi a kansa ba.

Na roƙi Maigida ya bar ni in bi Likita dutsen ranar Asabar da safe. Dogo ya ce injiniyoyi ne suka rubuta takardar, ni da wane karatun zan gyara musu. Amma da zan tafi shi ya tura mini ɗan famfonsa a aljihu, ya ce in na ɓatar da shi kada in dawo.

Muna isa gindin dutsen Likita ya fito daga mota ya fara shiri, ni kuma ina kallo. Hular kwano, takalma masu nauyi, abin kare gwiwa, sannan ya jawo wata jaka ya goya. Na ce ya ba ni in riƙe masa. Kawu, ta fi jaririyar Yaya Babba nauyi nesa ba kusa ba. Ruwa ne a ciki, da sifanoni, da tif, da ƙaton kwaɗo, da rigar ruwa, da abinci, da madubin hangen nesa, don ashe tsuntsaye yake zuwa kallo. Cikin ladabi na tambaye shi yaushe rabonsa da hawa sikeli. Ya ce sikelin gidansa maƙaryaci ne, shekara biyar ba sa magana da juna, lambar da ya ba mu ta lokacin da suke shiri ce. Ka ga takarda ba ta yi ƙarya ba, mutumin da aka ba ta labarinsa ne ba shi ke hawa keken ba.

A jikin kowane shokozoba akwai wani ɗan zoben roba. Na riƙe masa kan keken, ya hau da duk kayansa, ya tsaya a kan feda, na tura zoben ya manne, ya sauka a hankali. Inda zoben ya tsaya shi ke nuna iya nutsewar keken. Na baya ya wuce rabi. Na riƙa ƙara iska ina sa shi ya sake hawa, har ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin uku kaɗan, na gaba kuma wajen ɗaya cikin biyar. Saura wani jan maɓalli da ke hana shokozoba dawowa da ƙarfi bayan ya nutse. Na zaɓi wani gangare mai saiwoyi da matakalar dutse, na tsuguna a ƙasansa, na rufe ido ɗaya, na ce ya sauko. Tayar baya tana tsalle kamar tana taka wuta. Na murɗa maɓallin sau ɗaya, na ce ya koma. Abu ɗaya nake taɓawa kowane zuwa, kamar yadda kake yi, don in ya gyaru in san me ya gyara shi. Don kada lissafi ya ɓace mini na zuba tsakuwa a aljihun dama, duk murɗa ɗaya in mayar da guda hagu. Likita yana haki ya ce shi yawo ya zo, ba a gaya masa aikin hawa da sauka aka ɗauke shi ba, amma ya koma. A zuwa na shida na ga na wuce wuri, bayan ya nutse ya ƙi tasowa, na mayar da tsakuwa biyu. A na bakwai tayar ta bi saiwoyin tana lasar ƙasa, kafaɗunsa suka sauka, kansa ya daina girgiza. Daga ƙarshe na danna bakin tif na rage iskar tayoyin har babban yatsana ya ɗan shiga. Ina yi ina cewa a raina Kawu ya yafe mini.

Sai ya hau can sama shi kaɗai, ni na zauna a kan dutse ina jira. Kusan awa guda. Duk ƙarar da na ji sai in miƙe. Da ya sauko bai ce uffan a kan keken ba. Labarin wani shaho ya kama ba ni, yadda ya gan shi a kan busasshen itace, da launin fikafikansa, da yadda ya tashi. Na haƙura har na kasa, na tambaye shi keken fa. Ya sunkuya ya dube shi kamar yanzu ya fara ganinsa, ya ce wallahi ya manta yana ƙarƙashinsa. Na duba zoben, ya kai kusan ƙarshe amma bai fita ba. Ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Ranar Litinin na tarar da kujera ta biyu a bencin ciki, da sifanan nan mai cewa ƙas a ajiye a gabanta. Maigida bai yi dogon bayani ba, ya ce kwalaye suna jirana. Dogo bai daina kirana Mai Siminti ba, amma jiya da wata mata ta zo karɓar kekenta, shi da kansa ya ce ta zaga bayan shago ta hau, ya ce in zo in tsuguna in yi abin nan nawa na ido ɗaya. Na ce masa ba nawa ba ne, na kawuna ne.

Kawu, na gode. Lokacin da makaranta ta gagare ni kowa yana cewa ba ni da kai, kai ka ba ni wuri a rumfarka, ba ka taɓa ce mini in yi sauri ba. Abin da nake ci a yau daga tsugunon nan naka ya fito. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka tsawon rai mai albarka.

Ka gaida mini Inna, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa mini tana aiki. Ka gaida Gwaggo da jikokinta, da Yaya Ƙarami da amaryarsa, da Auta, da Baba Mai Walda na kusa da rumfarka. Yaya Babba da mijinta suna gaishe ka ƙwarai.

Saura roƙo ɗaya. Gobe kafin ka fita, ka tsuguna gaban kekenka lokacin da ba kowa a tsakar gida, ka danna bakin tif ka rage iska kaɗan, gaba da baya, iya yadda babban yatsa zai ɗan shiga. Yanzu ba jarka kake ɗauka ba, kanka kawai kake ɗauka. Ka hau ka je ƙarshen layi ka dawo, ka saurari abin da bayanka zai ce. In bai yi ba famfo yana hannunka, ni kuma ba wanda zai ji a bakina.

Wassalam. Naka ɗa mai biyayya,

Shiru-Shiru, wanda a nan ake kira Mai Siminti.