Dunƙulen Cukun Kawu Wiebe

Zuwa ga Sjoerd, shugaban kulob ɗin ƙwallon ƙafa na ƙauyenmu,

Bayan gaisuwa, duk da ba ka cancanta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kuka karɓe min makullin ɗakin 'yan wasa, wai ni na cinye cukun atisaye. Ni da haƙorana huɗu!

Shekara talatin ina sa 'yan wasa su matse dunƙulen cuku tsakanin gwiwoyinsu duk ranar Talata, ba wanda matsematsinsa ya taɓa tsagewa. Jiya na leƙa ta shinge, na ga mutum huɗu suna tafiya kamar agwagi. Kuma ranar Asabar in aka ci ku, kun faɗo rukunin ƙasa. A mayar min da makullina da gurbina a benci.

Kawunka, ko kana so ko ba ka so,
Wiebe

Kawu Wiebe,

Ina gaisuwa, ya ƙafa? Zamani ya canza. Mun ɗauki Marrit, likitar gashin ƙashi, mai digiri biyu. Tana kwantar da su ta gefe, ƙafa ɗaya kan benci, su ɗaga ƙugu. Ilimi ne, ba kayan karin kumallo ba. Maganar cuku kuwa, don Allah a bar ta. Kuma ka daina leƙe ta shinge, kana tsorata mai tsaron gida.

Naka,
Sjoerd

Baba Wiebe,

Barka da war haka. Ni ce Marrit ɗin. Atisayena yana da kyau, amma da na juya baya sai su kwanta suna hira. Matarka ta ba ni labari a kasuwa, na sayo cuku mai kilo goma na gwada. Yanzu har faɗa suke, don wanda ya saki shi ke wanke riguna da safar kowa. Jelle, ɗan bayanmu, ya ce, "Gara cinyata ta tsinke da in taɓa safar Douwe!" Sai dai ban san daƙiƙa nawa ake riƙewa ba. Ka zo ranar Asabar, na ajiye maka wuri kusa da ni.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Shugaba Sjoerd na ganin cukun sai fuskarsa ta yi ja har kunne, ya fice.

Da girmamawa,
Marrit

Sjoerd,

Gaisuwa a taƙaice. Faɗa wa yarinyar nan mai hankali ban san daƙiƙa ba, ana riƙewa ne har in shanye kofina. In ya yi zafi, tsautsayinsu.

Zan zo. Amma na tuna kai ke tsaron gida a shekarar da cukun ya ɓace, na kuma tuna wanda wandonsa ya ƙi shiga ranar wasan ƙarshe. Ba zan zauna ba sai ka tsaya gaban kowa ka amsa min: wa ya cinye cukuna?

Ina jira,
Wiebe