Maganar Nura a Ƙarƙashin Hotuna

Gaya, Litinin

Ɗana Seyni,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen biro, wurin aikinku. Mun gode da zuwanka sadakar arba'in ta ɗanmu Nura, abokin aikinka.

Na ji kai ka gaji aikinsa na shafin intanet na ƙungiyarmu ta mata masu shinkafa. To, wani abu ya lalace. Ka san maigidana Malam Garba ba ya gani. Da can in ya taɓa hoto a shafin, salularsa na karanta masa abin da Nura ya rubuta: “Baba, ga shinkafar Yelu, ta kai ƙugun Ma'u, Ma'u kuwa ka san ba tsawo.” Muryar Bafaransa ce, tana kakkarya Hausar, shi kuwa ya yi ta dariya. Tun rasuwar, abin da yake saurare ke nan bayan la'asar. Shekaranjiya ya taɓa, sai ta ce masa “gonar shinkafa” da Faransanci, ta yi shiru. Ya kife salular. Tuwo ma sai da na yi ta roƙo.

Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba. Ka duba mana.

Innarka, Hajara

Yamai, Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba. Ba lalacewa ba ce, ni na canza. Muna da manhajar da ke bincika shafi da kanta duk lokacin da muka taɓa shi, don a tabbata makafi ma za su iya amfani da shi. Ta yi ja a kan bayanan Nura, wai sun yi tsawo. Na gajarta su, ta yi kore, na wuce.

Tsofaffin suna ajiye. Zan mayar da su, in daidaita manhajar ta bar su. Sai dai ƙungiya ta aiko hoton girbin bana, kuma manhajar ba ta barin hoto ya hau babu bayani. Na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, na kasa rubuta komai. Ban san matan ba, ban san me Baba zai so ji ba. Ko za ki rubuto?

Ɗanki, Seyni

Gaya, Lahadi

Seyni,

Sun dawo, Allah ya yi maka albarka. Malam ya ci abinci.

Hoton kuwa, kwana biyu ina kallonsa. Na gaji, ɗana. Duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, ga shi kai ma ka ba ni aikin mamaci. Malam bai san da sabon hoto ba, kuma ya ɗauka akwai sauran rubutun Nura da bai ji ba tukuna. Na so in sa “Baba” a farko, hannuna ya ƙi. Ga abin da na iya:

“Mata suna sussuka a bakin kogi. Buhuna sun fi na bara. Aisata ta ɗaura ɗankwalin biki don an ce za a ɗauki hoto. Rana ta yi zafi.”

In manhajarku ta yi ja, ka gyara.

Innarka

Gaya, Laraba

Seyni,

Malam ya saurari bayanin sabon hoton har ƙarshe. Sannan ya ce, “Wannan ba yaron ba ne. Ke ce, Hajara.” Na ce ni ce. Na tambaye shi ko a cire.

Ya ce a bari, kuma wai ban faɗi launin ɗankwalin ba. Shuɗi ne. Ka ƙara.

Ka huta lafiya.

Innarka, Hajara