Sauran Yajin Baba

Inna,

Yau Talata da ruwa gari ya waye, gawayinmu duk ya jiƙe. Kina fita zuwa suna garin Rara, na kai zakarana Malam Shittu ya yanka. So na yi in gasa miki irin gashin Baba kafin in tahi aikin albasa Goronyo. Na jiƙa naman da citta da tafarnuwa, na juye sauran yajin nan da Baba ya daka da hannunshi, wanda kike ɓoyo cikin gwangwani tun rasuwarshi. Da na buɗe, sai na ji kamar yana tsakar gida yana fifita wuta.

Gaggawa ta sa na hura icen darbejiya na ɗora naman bisa wayar gashi. Da yana nan da ya ce, "Lukman, mi kake yi haka?" Hayaƙin ya kama naman, ɗaci har ƙashi.

Ki yafe mini, Inna. Mota ta iso, ba ni iya jiranki. Kada ki wanke gwangwanin, ƙanshin yana nan.

Zakara ɗaya ya tahi, da yajin duka, da cin da za mu yi tare.

Lukman