Sunan Kyamarar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da 'yan biyu kuna lafiya. Ya nauyin jiki? Mama ta ce kafin in rubuta komai in fara da saƙonta: kada ki kuskura ki kamo hanya da tsohon ciki, addu'arki ta ishe mu.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda duk lokacin da na ji muryarki a waya kuka ke cin ƙarfina, in ƙare da cewa "da sauƙi". Gaskiyar ita ce an sallamo Baba, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana gane kowa. In ya buɗe baki sai iska ta fito, sai ya juya fuska bango. Yaya, Baban da ke sa amaryar da ta ɗaure fuska dariya kafin ya danna kyamara, yau ko ruwa ba ya iya nema sai da nuni.

Na je na buɗe shagon don ya sha iska. Komai na nan yadda ya bari: labulen nan mai zanen lambu, kujera mai hannu, mataji da madubi a jikin ƙusa, da kwat ɗin aro da rabin samarin unguwa suka ɗauki hoton neman aiki da shi. Kyamarorinsa na jere a kabad ɗin gilashi. Na share, na goge, na yi wa wasu mutane hoton katin shaida da sabuwar kyamarar da ya koya mini, kada su koma haka nan.

Kawu ya zo gida ya zaunar da mu. A ganinsa a mayar wa mai gini makullinsa, a sayar da kayan, tunda waya ta riga ta kashe sana'ar, mai sana'ar kuma ya kwanta. Ba da mugunta ya faɗa ba, kin san shi, ba ya iya zagaye. Amma a gaban Baba ya faɗa, kamar Baba ba ya ɗakin. Ni na roƙi a ɗan ba ni lokaci.

Mai Agogo na shagon kusa yana gaishe ki. Ya riƙe ni da hira har ya share hawaye da tsumman goge gilashi. Wai yanzu ba shi da abokin musu. Kin tuna yadda suke kwashe yini, shi yana cewa sunan fim ɗin kyamara Huji ne, Baba na cewa Fuji ne, huji ai na kunne ne? Ya ce da zai ji Baba ya sake yi masa wannan tsiyar, da ya yarda an kayar da shi.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kumburin ƙafar ya sace, kuma kina samun barci. Ki gaida maigidan, ki ce Mama ta gode da maganin da ya aiko.

Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Asibiti sun haɗa mu da wata likita mai koya wa irin su Baba magana. Baƙuwa ce, aure ya kawo ta, Hausarta duk a karye, ga fara'a. Mama ta raɗa mata Likitar Baki. Zuwanta na farko ta nuna wa Baba hotunan kofi da kaza da mota, ya kalle ta kallon ba ki da aikin yi, ya rufe ido. Sai ta ce in kawo abin da ya fi so a duniya. Na ɗauko masa baƙar kyamarar nan mai igiyar fata, wadda aka yi hoton aurenki da ita.

Na ɗora masa a cinya. Likitar ta sunkuya ta karanta rubutun goshin kyamarar, ta ce, "Naikon! Mai kyau." Na ga girar Baba ta haɗe. Ta sake cewa Naikon. Ya bugi hannun kujera da hagunsa, leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai muka ji, "Ni... Ni... Nikon."

Mama na shigowa da faranti, sai ƙararsa muka ji a ƙasa. Likitar kuwa ko a jikinta, ta dafa ƙirji ta ce ita a inda ta yi karatu Naikon kowa ke cewa. Baba ya girgiza kai ya maimaita nasa, wannan karon ba gargada.

Daga ranar ta gano lagonsa. Kullum sai in zo da kyamara ɗaya daga kabad, ita kuma ta faɗi sunan yadda mutanensu ke faɗa, shi ya gyara mata. Canon ta ce Kanan, ya ƙi. Yashica ta ja tsakiyar sunan har sai da ya yi tsaki, kuma tsakin ma ta ce ci gaba ne. Na shiga waya na saurari yadda mutanen ƙasashe daban-daban ke kiran waɗannan sunaye, na sha mamaki. Suna ɗaya, rubutu ɗaya, amma kowane harshe da inda yake lanƙwasa shi, kowa kuma na rantsuwa nasa ne daidai.

Abin dariyar, da na kunna muryar wani ɗan ƙasar da ake yin Fuji, sai ga shi farkon sunan a bakinsa tsakanin fu ne da hu, har ya fi karkata wajen Mai Agogo. Na kira shi gida na kunna musu tare. Tsohon nan ya miƙe yana taka rawa a tsakar ɗaki, yana cewa shekara da shekaru ana zaluntarsa. Baba ya yi dariya da rabin fuska har ya ƙware, da ya huce ya dube shi ya ce, "Fuji." Mai Agogo ya ce to ya ji, Fuji ne, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Kada in sa ki zaci an warke. Akwai kwanakin da kalmar farko ta maƙale masa, komai ya nufa ita ke fita. Yana son ruwa, Nikon. Yana son a juya shi, Nikon. Ran nan ya kalli Mama yana son kiranta, ita ce ta fito. Ya ji da kunnensa, ya runtse ido. Mama ta ce, "Na'am, ai an daɗe da yi mini kishiya da ita," ta gyara masa matashi, ta shiga kicin ta yi kukanta a can. Likitar ta ce haka abin yake, hanya ce ta fara buɗewa, sauran kalmomi za su biyo a hankali. Jiya ya ce "ruwa". Bai fita sosai ba, amma ruwa ne.

Kawu ya ce ya samo mai sayen kayan. Ban ba shi amsa ba tukuna. Ki taya ni addu'a.

Taki har kullum,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka, barka da sauka lafiya! Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na nuna wa Baba hotonta a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna fitilar ɗaki ya yamutsa fuska. Wai hasken hoton bai yi ba. Ki faɗa wa maigidanki surukinsa ya kushe aikinsa.

Ga labarin shago. Kawu ya zo da mutumin, wani dattijo mai yawo ƙasa-ƙasa yana sayen tsofaffin kyamarori. So ya yi a gama magana a shago ba tare da an wahalar da Baba ba. Na ce kayan Baba ne, kuma yana da rai, yana da hankali, sai a gabansa. Kawu ya ce na yi ƙanƙanta da wannan magana. Na sake faɗa. Sai Mama, da ba ta taɓa musa wa Kawu ba, ta ɗauko wa Baba hularsa.

Na tura shi a keken marasa lafiya har bakin titi. Tela ya bar keken ɗinkinsa, mai kanti ya fito, mai gyaran takalmi ya miƙe da guduma a hannu, kowa na yi masa sannu. Da farko ya sunkuyar da kai, daga baya ya fara ɗaga musu hagu.

Baƙon mutumin kirki ne. Ya gaida Baba da girmamawa, ya duba kabad, idonsa ya tsaya kan ƙaramar nan mai ruwan azurfa da Baba ba ya bari mu taɓa. Ya ɗauke ta da hannu biyu ya faɗi sunanta, ya ce, "Laika." Baba ya ce, "Leƙa." Mutumin ya ce a yawonsa ya ji masu cewa Laika, ya ji masu cewa Leika, amma bai taɓa jin wannan ba. Na bayyana masa cewa Baba ya san yadda masu ita ke faɗa, shi dai tun yana saurayi ya sa mata haka, don ta ƙaramar taga ake leƙawa a ɗauki hoto. Ya yi ta gwada faɗa, ƙa ɗin ya ƙi fita, Mai Agogo na koya masa. Kin ga manya uku sun taru a kan suna ɗaya, Kawu na duba agogo.

Da aka zo maganar sayarwa, Kawu ya zagaya hannu ya haɗa kabad ɗin gaba ɗaya da fitilu da labule. Baba ya ce, "A'a." Kowa ya ji. Ya nuna ƙaramar, ya tura ta gaban baƙon, ya gyaɗa kai. Wannan ɗaya ya yarda a sayar, kuma ta isa ta riƙe shagon da zuwan likita na wani lokaci. Na san abin da take a wurinsa, Yaya, na ga yadda yatsunsa suka daɗe a kanta kafin ya saki. Sannan ya miƙa hannu wajen Kawu, ya karɓi makullin shagon, ya juyo ya sa mini a tafi. Ya yi ta kokawa da bakinsa, mu duka muna jira, har ya ce, "Auta."

Tun da ya kwanta bai kira ni ba sai ranar. Kawu ya cire tabarau ya goge, ya ce to shi ke nan, Allah ya sa albarka, in na buƙaci fenti ya san mai yi.

Yanzu kullum da safe tare muke fita. Ni ke ɗaukar hoto, shi yana gefe yana nuna mini da sandarsa inda zan matsar da fitila. Abin da ke cin ransa shi ne duk kyamarorin madanninsu a dama yake. Shekaranjiya Mama ta kawo mana abinci, ta zauna kan kujera mai hannu tana hutawa. Sai na ga Baba ya jawo kyamarar, ya kifa ta ƙasa ta koma sama, ya tokare ta da goshi, babban yatsansa na hagu ya sami madannin. Ya ce wa Mama, "Zauna." Ta ce ai a zaune take. Ya danna.

Shi ne hoton da na sa miki cikin ambulan ɗin nan. Ya ɗan karkace, saman ɗankwalinta ya yanke. Na ce a sake wani, Mama ta ce wanda ya taɓa mata shi sai sun ɓata. Nata na bango a kan gadonta, wannan naki ne.

Ki sumbaci jaririya, ki gaida 'yan biyu da babansu. In kin yi ƙwari ku zo, mai hoto na jiranku.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta